Enable ko empower, wanne zan sa a banar ƙungiyarmu?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah masu Turanci ku agaza mini. Ƙungiya gare mu ta mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mu 23, da adashi muka tashe ta, ba wanda ya taɓa ba mu ko sisi. Ranar Asabar za mu yi taron cika shekara biyu, mun gayyaci mutanen wani banki, shi ya sa muke son layi ɗaya na Turanci a ƙasan Hausar. Nufina dai muna ƙarfafa mata su tsaya da ƙafafunsu. Ɗana ya ce kishiyar disable ita ce enable, mai buga bana ya ce a'a, empower ake cewa. Laraba zan kai masa rubutun, ₦12,000 ya ce. Wanne zan ɗauka?

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron bai yi ƙarya ba, amma enable ba ta iya zama ita kaɗai, sai an faɗi abin da aka ba mutum damar yi: enable women to trade. Kishiyar weaken kuwa strengthen ce. Empower ba mutum iko ne, ya zama wuƙa da nama na hannunsa. Ita ta fi kusa da nufinki.

Mai Cajin Waya: Ki sa activate kawai, kamar sabon layi. In matan sun yi sanyi ranar taro sai a yi musu boost.

Baban Shago: Hajiya nawa kuke sayar da galan ɗin man? Kuna aikowa Zariya?

Anti Tela: 'Yar'uwa, ki ji tsoron Allah ki rabu da kalmar nan empower. Ni ta ci ni. Bara waccan na yaye ɗalibaina takwas da na koya wa ɗinki, wani yaro ya rubuta mini Women Empowerment Programme a jikin bana, na rataya a ƙofar gida tun daren Juma'a. Wallahi kafin in idar da sallar asuba layi ya kai bakin masallaci. Mata da goyo, kowa riƙe da katin zaɓe da hoton fasfo, wai an ce ana rabon keken ɗinki. Kujera 30 na yi haya. Zoɓon da na haɗa ko ɗaliban ba su ɗanɗana ba. Da na ce babu rabo, wata tsohuwa ta nuna ni da sanda ta ce na karɓi kayan gwamnati na ɓoye a ɗaka. Har yau akwai dangin mijina da suka yarda keke 50 aka ba ni na sayar. Facalata wata uku ba ta amsa gaisuwata.

Malamin Sakandare: Allah ya huci zuciyarki Anti, amma ai wannan ba laifin kalmar ba ne.

Anti Tela: Malam, kai a aji kake karanta ta, ni a ƙofar gidana na gan ta. Ƙamus ne zai zo ya kori mutane?

Ma'aikaciyar Ƙungiya: Anti tana da gaskiya ta wani gefen. Tun NEEDS ta zamanin Obasanjo da SURE-P ta 2012 kalmar empowerment take cikin sunan shirin gwamnati, ga N-Power a 2016, sai kunnen mutane ya saba, da an ji ta sai a ji rabo. Amma 'yan banki ita suka sani. Shekara tara ina rubuta takardun neman tallafi, ban taɓa sa enable a take ba. In kina tsoro ki sa Strengthening Women's Businesses.

Mai Buga Takardu: Wannan dogon layin zai ci wuri, kuma strengthening rabin yaran shago sai sun yar da harafi ɗaya a ciki. Sannan ₦12,000 ya yi yawa, ni ₦7,500 nake yi.

Uwar Adashi: Ina? Watan jiya ₦18,000 na biya.

Mai Buga Takardu: Ƙafa nawa? Ku dinga faɗin girma mana.

Mai Cajin Waya: Saura fortify, irin wadda ake rubutawa a buhun fulawa da sukari in an ƙara musu bitamin A. Ai masu mai ne, ta dace da su. Ko reinforce, a zuba musu rodi.

Direban Kurkura: Ku bar batun bana. Mu an taɓa tara mu a fili tun ƙarfe takwas, wai empowerment na matasa. Aka jera babura, aka ɗauke mu hoto kowa riƙe da makulli, da manyan suka tafi sai aka bi mu ɗaya bayan ɗaya aka karɓe, wai za a yi musu lamba. Shekara uku ke nan. Hoton yana wayata.

Anti Tela: To ka gani. Mu a unguwarmu baro da buhun gawayi aka raba, shi ma sai mai uwa a gindin murhu.

Maman 'Yan Biyu: Na gode, amma har yanzu ban ji wanne zan kai ba, ga shi mai banar ya kira ni sau biyu. Ƙafa shida ce.

Baban Shago: Hajiya ba ki faɗi kuɗin galan ɗin ba.