Wa Ya Saye Bakin Mawaƙi?

Malam Dattijo

Assalamu alaikum. Zaɓe ya ƙarato, kowace mota da lasifika a ka, kowace lasifika da gwaninta. Ga ƙwar biyu, amsa-amo "ya". Mai amsawa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah zan fara,
Shi ne ke son mai gaskiya.

Ina tambaya, ya sha'irai,
Wa ya saye muku zuciya?

Bara kun ce wane ɓarawo ne,
Bana ya shiga mazan jiya.

Sa'adu Zungur da ya tashi,
Bai miƙa ƙoƙo ba ko ɗaya.

Ya dubi sarakunan Arewa,
Ya ce ku tuna da na Indiya.

Can ma an yi gidajen mulki,
Da 'yanci ya zo suka sha wuya.

Ya ce a gyara tun da wuri,
Kafin talaka ya juya baya.

Yau fa? In an ba ka mota,
Ka rantse dare ne safiya.

Mai Tawada

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Malam girma, amma ban yarda ba. Na riƙe amsa-amon.

Malam, a gafarce ni kaɗan,
Ka yi wa jiya kwalliya.

Juyin baki ba sabo ba ne,
Ya girmi kakan Nijeriya.

Mutanabbi ya je har Masar,
Wajen Kafur neman dukiya.

Ya yabe shi don a ba shi gari,
Kafur ya ji, ya ja da baya.

Da ya gaji sai ya sulale,
Ya bar masa zambo mai ƙaya.

Har yau ana karanta su,
Yabo da zagi, littafi ɗaya.

Na gida ma 'yan jam'iyya ne,
Ba wanda ya tsaya tsakiya.

Masu tauraro na Sawaba,
Masu Salama na da fartanya.

Kowane gefe da mawaƙansa,
Ana jifa da baiti kan hanya.

Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU ta 'yan Sawaba a Kano a 1950 waƙa ta zama makami, jam'iyyar NPC ta masu Salama ma ba ta zauna hannu rabbana ba. Shi kansa Sa'adu bai tsira ba: da ya tambaya a waƙarsa ko Arewa ta zama jumhuriya ko mulukiya, Mudi Sipikin ya mayar masa da waƙa cewa jumhuriya kawai. Abin da muke yi a nan, su suka riga mu.

Malam Dattijo

Ɗana, ka yi karatu, na yaba,
Amma ka tsallake tambaya.

Shiga jam'iyya ba laifi ba ne,
In can ka ajiye zuciya.

Mawaƙin Sawaba me ya samu?
Kotun alƙali da shan wuya.

Wanda ya sha ɗauri kan baitinsa,
Kar ka jera shi da ɗan haya.

Ɗan Maroƙa

Allah ya ja zamanin Malam. Ni ba ɗan zaure ba ne, a bayan kotso na tashi, don haka na sauya amsa-amo.

Ku masu alƙalami kun raina mu,
Kun ce mu bayin ciki.
Kakana makaɗin fada ne,
Shi ke tashin sarki.

Ya ce masa ɗan wane, jikan wane,
Ubanka bai san raki.
Ku kun ji yabo, shi ya ji nauyi,
An ɗora masa aiki.

In ya yi rowa ko ya yi zalunci,
Ba ma ɓata baki.
Sai mu yabi kakansa mai adalci,
Mu zo kansa mu ja birki.

Fada ta gane, shi ma ya gane,
Habaici ya taɓa miki.
Wane ɗan jarida ke iya wannan
Gaba da gaba da mai mulki?

Batun karɓar kyauta kuwa, Ka'abu ɗan Zuhairu ma da ya rera tasa a gaban Manzon Allah (SAW), mayafi aka ba shi.

Malam Dattijo

A'a, tsaya nan. Kada ka haɗa wannan mayafi da ambulan ɗin 'yan takara. Sauran maganarka na karɓa, sai dai ka nuna mini mawaƙin yau da ke jan birkin.

Yaya Jaji

Sannunku da fama, Malam da ƙannena. Tun ɗazu nake jira wani ya tuna da mu.

Kun taru a kan sarki da gwamna,
Kamar ƙasar ba mata.
Nana Asma'u 'yar Shehu,
Ko ita ma kun manta?

Ba ta yi don kujera ba,
Ba ta jira kyauta.
Ta tsara baiti da harshe uku,
A haddace, a karanta.

Ta ɗora wa jaji malfa,
Ta sallame ta ta fita.
Ƙauye ƙauye 'yan taru
Na koyon salla da tsafta.

Wadda ba ta taɓa riƙe allo ba,
Waƙa ce littafinta.
Tana aiki tana rerawa,
Tana koya wa 'yarta.

Ku kuna auna sha'iri
Da wanda ya zaga ko ya bauta.
Ni ina duban wadda ya koyar,
Da yaron da ya kai makaranta.

Jaji ita ce malamar da Asma'u ke turawa ƙauyuka, 'yan taru kuwa matan da ke taruwa don karatu. Asma'u ta rasu a 1864, amma aikin bai tsaya da ita ba. Ku tuna 1972 da aka koma tuƙi ta hannun dama, da 1973 da naira da kwabo suka kori fam da sule. Mutane da yawa da ba sa karanta jarida a bakin mawaƙa suka ji bayani ta rediyo. In wannan ba hidimar jama'a ba ce, ku gaya mini sunanta.

Autan Sha'irai

Iyayena da yayyena, ni ne ɗan hayar da ake magana. Ba zan ɓuya ba.

Malam, na ji, kuma ta shige ni,
Amma bari in yi magana.
Na yi waƙar asibiti ba magani,
Na zuba mata duk ƙarfina.

An tura ta waya zuwa waya,
An ce Auta ya yi suna.
Mai situdiyo na bin bashi,
Mai gida na ƙirga kwana.

Masu tafi ba wanda ya leƙo,
Ya ce ga wannan, ɗana.
Sai wata lamba da ban sani ba:
Ka goge, in kana son ka zauna.

Da na yi ta ɗan takara guda,
Kafin faɗuwar rana,
An biya haya, an biya makaɗa,
Na ga murmushin Innana.

Kuna son gaskiya a kyauta,
Ni in kwashi ƙuna.
Mai saurare ma na da laifi,
Ba mawaƙi kaɗai za a nuna.

Mai Tawada

Auta ya faɗi mai ɗaci. Ga ƙari, don masu cewa da sha'irai ke mulki da an huta:

Senghor sha'iri ne a Senegal,
Ya hau mulki da lafiya.

Shekara biyu da samun 'yanci,
Ya kulle abokin tafiya.

Ya sauka da kansa, a yaba masa,
Amma kujera ba ta da kunya.

Mamadou Dia nake nufi, firaministansa, wanda aka kama a 1962, bai fito ba sai 1974. Senghor ya ajiye mulki a ƙarshen 1980.

Malam Dattijo

Auta, ban ce ka kwana da yunwa ba,
Na san nauyin iyali da haya.

Yi masa waƙar, karɓi haƙƙinka,
Amma ka ɗaure shi da igiya.

Duk alkawarin da ya yi a dandali,
Sa shi a baiti ɗaya ɗaya.

Asibitin nan, faɗi unguwar,
Gadar nan, faɗi wace hanya.

Shekara huɗu in ta zagayo,
Yara na rera ta tun safiya.

Shi ya biya aka buga faifan,
Ya zai ce ba shi ya faɗa ba jiya?

Autan Sha'irai

Malam, dabarar ta yi. Matsalar, kafin a shiga situdiyo sai daraktan kamfen ya karanta takardar da jan biro a hannu. Duk inda ya ga sunan wuri ko adadi, sokewa yake yi, ya ce a ƙara kirari.

Ɗan Maroƙa

To ai nan ne aikinmu, ƙanena.

Kar ka rubuta a kan takarda,
Darakta na da mamaki.
Ba wa 'yan amshi su riƙe,
Su sake shi ranar biki.

In taro ya ɗauka ya maimaita,
Ogan na kan doki,
Zai ɗaga hannu yana murmushi,
Wa zai ce a yi tsaki?

Turo mini sunayen unguwannin da ya yi wa alkawari, in gwada su a kan kiɗa. Masu gaɓa uku sun fi zama a amshi.