Motata tana ƙin ɗaukar totur tun da aka wanke injin, a ba ni shawara dan Allah

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, masana harkar mota a taimaka min. Motata 'yar Kwatano ce modal 2009, irin wacce ba ta da wayar totur ɗin nan, komai na lantarki ne. Ranar Asabar na kai ta wanki yaron ya buɗe bonet ya feshe injin da ruwa, to tun ranar ina cikin tafiya sai wutar cek injin ta kawo, inji na aiki amma ko na take totur har ƙasa da ƙyar take jan jiki, jiya a hanyar Zariya saura ƙiris tirela ta hau kaina wlh. In na faka na kashe na sake tayarwa sai ta dawo garau kamar ba ita ba. Bakanikena ya ce famfon mai ne, wani kuma ya ce biren bos ne, wato kwamfutar motar, sai an canza. Shin akwai yadda mutum zai ga abin da injin ke yi da idonsa kafin ya fara zubar da kuɗi?

Abu Sadik: Cire kan batir minti goma ka mayar, shi kenan.

Oga mai wayarin: Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka sayi komai tukuna, kuma kar ka cire batir, goge shaida za ka yi. Da gangan kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi. A irin waɗannan motocin ƙafarka ba ta buɗe totur, saƙo kawai take aikawa, akwai sensa biyu a jikin abin takawa, akwai wasu biyu a can bakin totur ɗin tare da ɗan ƙaramin moto da ke buɗe murfin iska. An yi su bibbiyu ne don kowacce ta riƙa tona asirin 'yar uwarta. Bayan haka kwamfutar tana lissafa ƙarfin da injin ke bayarwa daga yawan iskar da ke shiga da gudun juyawar injin, ta gwada da abin da ƙafarka ta nema, da ta ga lissafi bai zo daidai ba sai ta yanke wa moton wuta, sifirin ya mayar da murfin ya bar 'yar ƙofa kaɗan wacce za ta kai ka gefen titi. Famfon mai in ya gaji ba kasafai yake warkewa don an kashe an kunna ba.

Hajiya Maman Nana: Ni ma tawa ta yi min haka bara da hunturu, ashe ƙura ce ta cika bakin totur ɗin, iyakilina, wato matatar iskar, duk ta yage ban sani ba. Aka wanke aka sake saita silo da na'ura, har yau shiru.

Injiniya B: Ka nemi ɗan abin nan na karanta kwamfutar mota, ELM327 mai bulutut, ba shi da tsada, ka soka shi a soket ɗin OBD2 mai ido 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da shi. Sai ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner a waya. Karanta kod ɗin matsalar da ya nuna ka turo mana, sannan ka kunna makulli ba tare da ka tayar ba, ka riƙa taka totur a hankali kana kallon lambar totur ɗin a waya, ya kamata ta riƙa hawa sumul ba tsalle ba.

Baban Ilham: Na aro na maƙwabcina. P2135 ya nuna. Kuma mota na silo ban taka komai ba amma totur na nuna kashi 16, wannan ba matsala ba ce?

Injiniya B: A'a wannan 16 ɗin lafiya lau ne, sensar ba daga sifili take farawa ba, motoci da yawa haka suke nunawa. P2135 ɗin shi ne maganar, ma'anarsa sensa biyun da ke bakin totur sun saɓa wa juna. Da P2138 ne sai mu ce na wajen ƙafa ne.

Ɗan Tasha: Allah ya jiƙan zamanin Fijo 504, wayar totur ta tsinke ka ɗaura igiya ka kai Kano. Waɗannan masu totur ɗin lantarki ba su ne suka riƙa gudu da kansu a Amurka ba?

Injiniya B: Kiranyen da Toyota ta yi wa motocinta don gyara a 2009 da 2010 kake nufi. Hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, NHTSA, da injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya, sun bincika, a 2011 suka ce ba su sami laifi a lantarkin ba, abin da aka tabbatar kafet ne da ke danne abin takawa da kuma abin takawa mai maƙalewa da kansa. Kai ma dai duba kafet ɗinka.

Oga mai wayarin: Tunda bayan wanki ya fara ni soket ɗin bakin totur nake zargi. Zare shi ka duba ko akwai danshi ko kore-kore a ƙafafunsa, a fesa maganin goge soket a bari ya bushe, a girgiza wayoyin ana kallon lambar a waya. In har lambar na tsalle bayan haka to sai a nemi wani bakin totur ɗin gaba ɗaya, don yawancinsu sensar a haɗe take. Kuma dan Allah kar ka bari yaro ya cusa yatsa ciki makulli na kunne, moton nan yana datse hannu.

Baban Ilham: Na zare yanzun nan Oga, ruwa ne kwance a ciki har ya ɗiga min a tafin hannu. Na bar shi a buɗe ya sha rana, da safe in Allah ya kai mu zan gwada ta a cikin unguwa tukuna kafin na hau babban titi.