Odar kariya ta kotu a Amurka: waɗanda suka taɓa karɓa, yaya ta kaya?

Maman Hanifa, Bronx: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce ke cikin tashin hankali. Ranar Talata mijinta har shaƙe ta ya yi a gaban yaransu. An ce ta nemi odar kotu da za ta hana shi zuwa kusa da ita, amma tsoro take ji, don takardunta na zama ba su kammala ba. Don Allah wadda ta taɓa bin hanyar nan ta haska mana.

Anti Ladidi, Harlem: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi. Ni na karɓa. Ku yi sammako zuwa Kotun Iyali, ta Bronx tana kan titin Sheridan. Ba a biyan ko sisi, ba dole sai da lauya ba, kuma rashin takardar zama ba ya hana a ba mutum. Ta nemi tafinta, kyauta ne. A ranar alƙali ya ba ni ta wucin gadi, mijina ba ya ma wurin. Ta ƙarshe a New York tana kai shekara 2, in akwai rauni ko makami har 5. Abin da ban sani ba da farko: sai an miƙa wa mijin takardar kafin a iya kama shi da laifin karya ta, kuma ba ita za ta miƙa da hannunta ba. Ni 'yan sanda na ba suka kai.

Ummu Sadiq, Baltimore: Kowace jiha da dokarta. A Maryland ta wucin gadi ta kwana 7 aka ba ni, sai a koma zama na biyu. Nan na yi kuskure. Cikin kwanakin nan bakwai wayata ba ta huta ba. Manyan al'umma suka zo har falo, aka tashi Inna daga barci a gida ta kira ni tana kuka, wai na tona asirin uban 'ya'yana, in yi haƙuri. Ranar zaman ina sanye da hijabi, mabuɗin mota a hannuna, na kasa fita. Aka kori ƙarar. Wata biyu bai cika ba ya karya mini yatsa. Da na koma na je da hotunan rauni, takardar asibiti da saƙonninsa da na buga a takarda, aka ba ni shekara 1. Waɗanda suka ce in yi haƙuri ko ɗaya bai raka ni asibiti ba. Maman Hanifa, ki riƙe mata waya, ki kai ta da kanki.

Baban Amir, Columbus: Ni ta ɓangaren maza zan yi magana. Abokina ne aka yi wa oda, ya aike ni da saƙon ban haƙuri wurin matar. Ashe an rubuta babu aike ta hannun kowa. Da niyyar sulhu na je, shi ya kwana a tsare. Ko ita ce ta kira shi gida, odar tana nan daram, alƙali kaɗai ke iya sauya ta.

Ummu Sadiq, Baltimore: Ƙari ɗaya. Dokar tarayya ta 1994 ta sa odar wata jiha tana aiki a duk sauran jihohi, ko da ƙanwarki ta tashi daga New York. Ta ajiye kwafi a jaka, ta ba makarantar yara ɗaya. Duk sanda ya ɓullo ta kira lambar gaggawa 911, ta karɓi lambar rahoto. Nawa mijin sau biyu yana ajiye mota a bakin wurin aikina yana gudu kafin su iso, rahotannin nan ne suka sa aka kama shi a na uku. In yana da bindiga ta gaya wa alƙali tun ranar farko.

Maman Hanifa, Bronx: Allah ya saka muku da alheri. Yau a wurina za ta kwana, na ɗauki hoton wuyanta. Gobe da ƙarfe 8 za mu fita. Anti Ladidi, ko za ki iya riƙe mana yaran zuwa azahar?