Haihuwar talabijin da haihuwar gaske: abin da mata suka tattauna a Damagaram

Bayan wani taron suna a unguwar Birni, hira ta karkata kan haihuwar da ake nunawa a finafinai. Wata ungozoma da ke cikinmu ta fi kowa jin zafin abin.

Ta ce a talabijin faya na fashewa, mace ta yi ihu sau biyu, sai ga jariri fes. Alhali naƙudar fari kan ɗauki awanni da yawa, shi ya sa 'yan mata ke firgita idan tasu ta ja. Shawararta: a tafi asibiti da wuri, kada a bari naƙuda ta kwana ta wuni a gida, domin ta nan yoyon fitsari ke shigowa.

Abin da ya fi taɓa ni, fim na ƙarewa da kukan jariri. Ba a nuna fitowar mabiyiya, ba a nuna zubar jini bayan haihuwa, wanda ke cinye mata da yawa. Aka ce mai jego ta tsaya ungozoma ta sallame ta.

An kuma tuna awon ciki: tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8.