Ƙarin ruwan garkuwar jiki ga mai korona mai tsanani: inda shawara ta tsaya

Tambayar ita ce: wane ƙarin ruwan garkuwar jiki ne ke taimakon mai korona mai tsanani? Haɗin casirivimab da imdevimab, magungunan garkuwa biyu da aka ƙera don su kama ƙwayar korona, ya rage mace-mace a gwajin magunguna na Birtaniya mai suna RECOVERY a 2021, amma ga waɗanda jikinsu bai samar da tasa garkuwar ba kaɗai. Da nau'in korona na Omicron ya ɓullo kuwa, sai ya karya lagon maganin.

Wanda numfashi ya gagare shi har aka sa masa oksijin, tocilizumab (wani ƙarin ruwan garkuwar) tare da dexamethasone (maganin kumburi) aka fi ba da shawara, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a Yulin 2021. Shi tocilizumab kumburi yake kwantarwa, ba ƙwayar cutar yake kashewa ba. A asibiti kawai ake ɗaura shi, kuma a kula da mai tarin fuka, don yana raunana garkuwa. Ga tsada kuma.