Matasanmu na son tafiya aikin bishara na mako biyu, ta ina kwamiti zai fara kafin ya amince?

Mai tambaya: Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni ce sakatariyar kwamitin bishara a ikkilisiyarmu, kuma akwai nauyin da ya hana ni barci. Matasanmu su goma sha ɗaya sun kawo takarda suna neman a amince musu su je wata ƙaramar ikkilisiya a wata ƙasa na mako biyu. Shirinsu shi ne su yi wa majami'ar fenti, su koyar da yara, su raba tufafi, su kuma ziyarci gidan marayu. Shugabansu ya haɗu da faston can a wani taro, faston ya ce masa, "Ku zo duk lokacin da kuka ga dama." Har sun tara rabin kuɗin. Ba mu taɓa aika ƙungiya irin wannan ba, ba mu da wata ƙa'ida a rubuce. Ina tsoron mu kashe musu ƙwazo, ina kuma tsoron mu aika su su zame wa mutane kaya. Me ya kamata mu duba kafin mu sa hannu?

Wani tsohon mai bishara: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya. Ki fara da maganar faston nan. "Ku zo duk lokacin da kuka ga dama" ladabi ne, kowane mai kirki zai faɗa wa baƙo haka. Gayyata ta gaskiya tana zuwa da lokaci, da adadin mutane, da aikin da ake buƙata, kuma dattawan wurin sun zauna sun yarda, ba fasto shi kaɗai ba. Ki duba Ayyukan Manzanni 16:9. Mutumin Makidoniya ne ya roƙi Bulus ya ƙetaro ya taimake su. Kiran daga can ya fito.

Sai batun wa ke aikawa. A sura ta 13, ikkilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu, ta sallame su. Da suka gama kuma can suka koma, suka tara jama'a suka ba da rahoto (14:27). Idan kwamitinku ya amince, ya ɗauki alhakin duk abin da yaran nan za su yi da sunan ikkilisiya. Don haka kada tara rabin kuɗi ya tilasta muku. Ku rubuta wa dattawan can, ku tambaye su abin da suke buƙata, ba tare da kun lissafa musu shirin matasanku ba. In kuka fara da lissafin, za su ce to da komai.

Wata matar fasto: 'Yar'uwa, bari in faɗa miki yadda abin yake a ɓangaren masu masauki, don mun karɓi irin waɗannan ƙungiyoyi sau da dama. Wasu sun zame mana albarka har yau muna zumunci. Amma akwai wata da ba na mantawa. Sun zo su goma sha biyar, mako biyun nan ni da mata uku ba mu huta ba, daga girki sai ɗiban ruwa sai wanki. Mijina ya ajiye ziyarar marasa lafiya ya zama direba da tafinta. Sun yi wa majami'a fenti, alhali muna da ɗan'uwa a cikinmu wanda fenti ne sana'arsa, yana zaune ba aiki, yana kallonsu. Kwata na kuɗin tafiyarsu da ya biya shi ya yi aikin da ya fi nasu kyau.

Rabon tufafi kuwa, shi ya fi yi mana ɓarna. Sun raba da hannunsu a gaban kowa, wanda ya fi iya kutsawa ya fi samu, gwaurayen da muka san suna cikin ƙunci suka koma hannu wofi saboda kunya. Watanni muka yi muna sulhunta mutane. Wata budurwa a cikinsu, da zuciya ɗaya, ta yi wa wani yaro alkawarin biya masa kuɗin makaranta. Ta tafi, shiru. Yaron nan shekara guda yana tambayata ko saƙo ya zo.

Kuma ba mu taɓa ce musu komai ba. Ta yaya za ka ce wa wanda ya zo daga nesa da kuɗinsa ya wahalshe ka? Shi ya sa nake roƙonki, ku buɗe wa masu masaukin ƙofar cewa a'a. Ku ce musu a fili: in lokacin bai yi ba, ko mutum huɗu kawai za ku iya ɗauka, ku faɗa, zumuncinmu ba zai taɓu ba. Ku biya kuɗin abinci da man mota tun kafin ku iso. Duk kyauta ta bi ta hannun dattawan wurin, yadda aka kai gudummawar yunwa ga dattawan Yahudiya a Ayyukan Manzanni 11:30. Da ɗan gari akan ci gari.

Wani ma'aikacin kula da yara: Ni gidan marayun nan ne damuwata, ina ba da shawara a cire shi. Yaron da ya rasa iyaye, baƙo ya rungume shi kwana uku ya tafi, wani ya zo ya tafi, rabuwa ce ake sabunta masa. A Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama Amurkawa goma 'yan aikin mishan a kan iyaka da yara 33 ba tare da takardun izini ba, aka kuma gano da yawa cikin yaran iyayensu na raye. A 2018 Ostireliya ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani, saboda wasu gidajen ana cika su ne don jawo baƙi da gudummawa. Ko koyar da yaran ma, a tantance kowa, kada babba ya kaɗaita da yaro, kada a ɗauki hoton yaro a sa a Facebook ba da izinin iyayensa ba.

Wani matashi: Iyayena, da girmamawa, kada sharuɗɗa su yi yawa har tafiyar ta mutu. Mai bisharar nan George Verwer ɗalibi ne lokacin da ya je Meziko da abokansa biyu a 1957, daga nan ƙungiyar bishara ta Operation Mobilisation (OM) ta samo asali. Markus ya bar su Bulus a Bamfiliya, amma daga baya Bulus da kansa ya ce yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11). Ni tafiya irin wannan ce ta canza mini rayuwa.

Tsohon mai bishara: Gaskiyarka ɗana, ban ce a hana ba. Amma ka ji abin da ka faɗa: kai ta canza wa rayuwa. Yawanci mai tafiya ya fi ƙaruwa, kuma ba laifi, muddin an faɗa wa masu masauki da masu ba da kuɗi cewa koyo za a je yi. A Luka 10 Ubangiji ya aiki almajirai biyu biyu, ya ce su zauna gida ɗaya su ci abin da aka kawo musu. Matashin da ba zai iya wannan ba, a bar shi sai baɗi.

Wata nas: A taƙaice: allurar rigakafin cutar shawara da katinta in ƙasar na nema, maganin zazzaɓin cizon sauro in yankin na da shi, inshorar lafiya, da sanin asibiti mafi kusa. Abafaroditas, abokin aikin Bulus, shi ma ya yi ciwo har bakin mutuwa a wurin hidima. Ku kuma bincika bizar, don a ƙasashe da yawa ta yawon buɗe ido ba ta ba da izinin wa'azi ko aiki, kuma in an samu matsala mai masauki ne zai zauna da ita.

Wani ma'aji: Kuɗin ya shiga asusun ikkilisiya, kada ya zauna a hannun shugaban matasa. Mutum biyu su riƙa sa hannu, yadda Bulus ya haɗa Titus da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa (2 Korintiyawa 8:18-21). Ku kuma yanke tun yanzu abin da za a yi da kuɗin in an fasa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, iyayena. Mama, labarin yaron nan ya sa ni hawaye. Na karanta wa shugaban matasan amsarki, ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa tambayar wanda zai dafa musu abinci ba. Kwamiti ya zauna jiya. Mun cire gidan marayu, mun sa kuɗin cikin asusun ikkilisiya, mun kuma rubuta wa dattawan can ba tare da ambaton fenti ko tufafi ba. In sun gayyace mu, mutum biyu za su fara zuwa su zauna da su kwana uku. Ku taya mu da addu'a, muna jiran amsarsu.