Firaktikal ɗin fendulum: ina g ke ɓacewa a hannun ɗalibai?

Malamin Fiziks, Zariya
Assalamu alaikum, malamai. Ina so mu haɗa kai kan gwaji guda: fendulum, wanda ke yawan fitowa a firaktikal na WAEC da NECO. Kayan aikinsa ba su da yawa, zare ne da ƙwallon ƙarfe da rula mai mita ɗaya da agogo, amma sai yaro ya kawo g, wato ƙarin saurin da jan ƙasa ke ba abu mai faɗowa, a matsayin 10.9 ko 39 maimakon wajen 9.8 m/s². Ga abin da ya kamata a samu idan aiki ya yi kyau, da kai-komo 20 a kowane tsawo: santimita 40, daƙiƙa 25.4; 60, daƙiƙa 31.1; 80, daƙiƙa 35.9; 100, daƙiƙa 40.1. A raba da 20 a sami T, wato lokacin kai-komo guda, a ninka T da kansa, T² ya zama 1.61, 2.42, 3.22, 4.02. Tunda T² = 4π²L/g, inda L yake tsawon fendulum, gangarar layin giraf na T² bisa L ita ce 4π²/g. Kowa ya faɗi inda yake ganin ana tuntuɓe.

Malama mai SS2, Katsina
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan 10.9 ɗin ƙirge ne ke kawo shi. Yaro na sakin ƙwallo sai ya danna agogo ya ce "ɗaya", alhali ba a yi ko kai-komo guda ba tukuna. Da ya kai "ashirin", 19 kawai aka yi. A mita ɗaya zai rubuta 38.1 maimakon 40.1, T ya zama 1.91, g ya haura zuwa wajen 10.9. Maganinsa a fara da "sifiri". Mai samun 39 kuwa, zuwa kaɗai yake ƙirgawa a matsayin ɗaya, dawowa kuma ɗaya. T ɗinsa rabi ne, T² rubu'i, don haka g ya ninku sau huɗu. Kai-komo guda shi ne ƙwallo ya tafi ya dawo inda ya taso.

Kuma kada a fara agogo a gefe, inda ƙwallo ke jinkiri kafin ya juyo. A ja layin alli a jikin tebur daidai inda zaren ke tsayawa in ba ya motsi, a riƙa ƙirge duk lokacin da ya gifta layin yana nufar dama. A nan ya fi gudu, ido ya fi kama lokacin daidai.

Mai kula da lab, Sakkwato
Ni ta wajen kaya zan zo. Idan aka ɗaura zaren kai tsaye a jikin mariƙin ƙarfe, wurin rataya yana zamewa yayin lilo, tsawon ba ya zama ɗaya. A tsaga toshiyar kwalba gida biyu, a sa zaren a tsakani, mariƙi ya matse. In babu ita, ƙananan katako biyu masu shafaffen baki sun wadatar. Daga ƙasan toshiyar ake fara awo. Zaren roba ko na saƙa yana miƙewa, a nemi zaren ɗinki mai ƙarfi, a bar ƙwallon ya rataya na ɗan lokaci kafin a auna. A ɗora dutse ko littattafai a gindin sandar da mariƙin ke jikinta, don in tana rawa komai ya lalace. A kashe fanka, a rufe taga, musamman da iskar hunturu.

Malamin Fiziks, Zariya
Madalla. Batun kusurwa fa? Wasu yaran har kafaɗarsu suke jan ƙwallon.

Tsohon mai duba takardu, Kano
Malam, lissafin T = 2π√(L/g) na ƙaramar kusurwa ne kawai. A digiri 10, T ba ya ƙaruwa da fiye da kashi 0.2 cikin ɗari, ba komai. A digiri 30 ƙarin ya kai kashi 1.7, g ya sauko wajen 9.5. Yaro ba ya ganin digiri da ido, sai a ba shi a santimita: zaren mita ɗaya, kada a ja shi gefe fiye da santimita 10. Gajeren zare na 40, santimita 4 ya isa. A sake shi kawai, ban da turawa, in ba haka ba ya riƙa zagaye kamar mai zana ƙwai.

Amma ni a ganina, maki ya fi zubewa a kan takardar giraf fiye da kan tebur. Ana zaɓar sikeli na uku-uku ko bakwai-bakwai wanda ba ya karantuwa, ɗigogi su taru a lungu guda. A yi amfani da 2, 5 ko 10, ɗigogin su mamaye aƙalla rabin takarda. Alwatikar gangara ta zama babba, a ɗauki lambobin daga kan layin da aka ja, ba daga jadawali ba. Da lambobin Malam: 4.02 a cire 1.61, saura 2.41; a raba da bambancin L, mita 0.60, gangara 4.02. Tunda 4π² = 39.48, sai g = 39.48 ÷ 4.02, wato kusan 9.8. Wanda ya bar L a santimita zai sami gangara 0.0402, g ya fito wajen 980. Amsar ba laifi in ya rubuta cm/s², amma da yawa m/s² suke liƙa mata. Haka nan shafin jadawali: in ka fara da lamba biyu bayan ɗigo, ka ƙare da biyu, 1.80 ba 1.8 ba.

Malama mai SS2, Katsina
Yallaɓai, ƙara mana haske kan masu aunawa zuwa saman ƙwallo maimakon tsakiyarsa.

Tsohon mai duba takardu, Kano
Malama, in faɗin ƙwallon santimita 2 ne, kowane L ya ragu da santimita 1. Mai lissafi da awo guda a 40 zai yi kuskuren kashi 2.5 cikin ɗari. Amma a giraf gangara ba ta canzawa, layin ne kawai ba zai bi ta sifiri ba. Shi ya sa giraf ya fi awo guda. A kuma shirya yara kan salon da ake auna h daga ƙasa zuwa ƙwallo: a nan L = H − h, inda H yake tsawo daga ƙasa zuwa wurin rataya, layin gangarowa yake yi, gangarar tana da alamar ragi, kuma inda ya yanke layin h shi ne tsayin H.

Malamin Fiziks, Zariya
Ƙari ɗaya kan dalilin ƙirga kai-komo 20: yatsa yana makara wajen daƙiƙa 0.2. A kai-komo guda na daƙiƙa 2 wannan kashi 10 ne cikin ɗari, a daƙiƙa 40 kuwa rabin kashi ɗaya. A yankinmu, kusa da ikwaita, g na wajen 9.78, don haka wanda ya sami 9.7 kada ya goge lambobinsa ya ƙirƙiro wasu don su ba shi 10. Wannan 10 ɗin na sauƙaƙa lissafin tiyori ne.